Yadda Dubiya Ta Ci Hannun Inna

Inna tana raye. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta rabi ya ɗauko mota, domin an taɓa yi mana haka. Tana cin tuwonta, tana gane kowa, har faɗa tana yi. A kan hannunta na dama nake wannan rubutu. Na yi istigfari ya fi a ƙirga kafin in ɗauki biro, don ban so in rubuta da fushi ba. Fushin bai tafi ba, sai ku yi haƙuri ku karanta a haka.

Sunana Rabi. Ina aure a Tiga, mahaifiyata kuma tana gidanmu na Ƙofa tare da yayana Musa da iyalinsa tun rasuwar Baba. Wanda duk ya san unguwarmu ya san Inna Hajara mai ƙuli-ƙuli, kuma ba ƙulin ne ya sa aka san ta ba, ƙafarta ce. Ba a haihuwa, ba a rasuwa, ba wanda zai kwanta kwana biyu Inna ba ta yafa mayafi ba. Ko zazzaɓi jaririn wata ya yi sai ta je. Kullum maganarta ita ce zumunci a ƙafa yake. Shekara arba'in tana yi wa gari haka, ranar da ta faɗi kuwa gari ya tashi zai rama mata a lokaci ɗaya.

Ciwon bai zo ba sallama ba, mu ne ba mu amsa ba. Tun shekara biyu da suka wuce aka ce mata tana da hawan jini. Ta sha ƙwaya wata guda, ta ji garau, ta ajiye. In ƙeyarta ta yi nauyi sai ta aika kemis a sayo mata na ciwon kai. In jiri ya ɗebe ta sai ta ce rana ce. Ni ma da na yi sakandare na san ba rana ba ce, amma sai in ce "Inna, ki riƙa hutawa," in kama hanyar gidana.

Farkon damina, da hantsi, tana matsar mai, sai muciya ta suɓuce daga hannunta. Matar Yaya ta ce ta ga bakinta ya ja gefe, maganarta ta koma kamar ta mai tuwo a baki. Kafin in iso daga Tiga sun kai ta asibitin da ke kusa, can aka ce mu wuce Kano. Ba zan manta da Yaya Musa a ranar ba, kuma duk abin da zan faɗa a kansa nan gaba, a haɗa da wannan: a bayansa ya goya ta daga bakin titi har cikin asibiti, ya tsaya a layin kati ƙafarsa ba takalmi, don ya manta su a mota. Ya sayar da masarar da ya ajiye don cin damina, ya sayar da tunkiyarsa, bai taɓa cewa uffan ba.

Kwana tara muka yi a Kano. Suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma da sauƙi. Maganarta ta dawo a kwana na huɗu. Ƙafa tana ɗan ja. Hannun dama ne ya kwanta kamar ba nata ba. Abin da ya fi ci wa Inna rai ke nan, ba zafi ba. Ranar da na fara yi mata alwala, na wanke mata fuska da hannuna, sai ta juya kai bango. Ta ce, "Rabi, ki roƙa mini Allah hannun nan kawai. In riƙe butata da kaina."

Kwana biyu kafin a sallame mu aka tura mu sashen gashin ƙashi. Mun yi zaman benci tun safe har azahar. Wadda ta gan mu wata likita ce 'yar siririya mai farin gilashi. Ta kama hannun Inna tana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, wace sana'a kike yi?"

"Ƙuli."

"To in kika bar tunkuza ta huce kafin ki matsa, me ke faruwa?"

"Daskarewa take. Ba ta ba da mai."

"Haka hannun nan yake. Yanzu da ɗuminsa. Wata ukun farko su ne cin kasuwar, bayan nan sai tsince-tsince."

Ta ce abu uku za mu riƙe. Ƙwayar hawan jini kullum, ko Inna ta ji kamar ta yi tsere da doki. Sai miƙa hannun da motsa shi safe da yamma, ta nuna mini yadda zan ɗaga kafaɗa, in miƙe gwiwar hannu, in buɗe tafin a kan cinya ana jan numfashi a hankali. Na ukun shi ne ya ba mu mamaki. Ta ce bayan an gama, Inna ta jingina, ta rufe ido, ta ɗora hannu a ciki, ta yi kwata ɗin awa ba ta magana da kowa, ba abin da take yi sai bin numfashinta.

Yaya ya ɗan yi dariya. "Likita, wannan ba shi ne abin Indiyawan nan da ake gani a waya ba?"

"Su yoga suke ce masa, kuma suna da nasu bayanin. Ni ban ce ta kira sunan kowa ba, Malam. Huhu ne da jijiya, kuma iri ɗaya Allah Ya yi wa kowa."

Sai ta juyo gare ni ta yi bayanin da har yau yake kaina. Ta ce jiki yana da hali biyu. Akwai halin gudu, irin na wanda ya taka maciji: zuciya ta hau bugu, hanyoyin jini su tsuke, tsoka ta ɗaure. Akwai kuma halin hutu, wanda a cikinsa ne jiki yake gyaran kansa. Ta ce matsalar ita ce jiki ba ya bambance maciji da mummunan labari, ko hayaniya, ko tunani. Wanda aka wuni ana tayar masa da hankali, jikinsa gudu ya wuni yana yi ko da a kwance yake. Ba mai iya ce wa zuciyarsa ta sassauta, amma numfashi linzami ne da aka bar mana a hannu. Ta sa na ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna, ta ce in ja iska a hankali, in sake ta a hankali fiye da yadda na ja. Wallahi na ji da yatsuna, duk sanda nake sakin iskar sai bugun ya ɗan ja baya. Na yi darasin zuciya da huhu a makaranta, na zana su a takardar jarrabawa, amma ban taɓa jin abin a jikina ba sai ranar.

"Ba ya maye gurbin ƙwaya," in ji ta. "Duk wanda ya ce miki numfashi kaɗai ya isa, ki bar masa wurin. Taimako yake yi. Ta samu barci, ta samu shiru, tsokar ta saki, sai hannun ya yarda a yi aiki da shi."

Maigidana ya ce in zauna a Ƙofa har Inna ta samu sauƙi. Na sayi na'urar awon jini ta hannu da kuɗin adashina, muka koma gida da murna.

Tun kafin a share tsakar gida ake fara sallama. Na taɓa leƙawa ƙofar ɗakin Inna da hantsi, takalma sun kai har bakin rijiya. Kuma kun san gaisuwarmu ba ta da gajarta. Kowace mace sai ta tambayi jiki sau uku, sai Inna ta yunƙura ta zauna, ta gyara kallabi da hannu ɗaya, ta tambayi maigida, ta tambayi yara da sunayensu, ta tambayi wadda aka yi wa aure bara ko an samu ƙaruwa. Waɗannan ba su tashi ba waɗancan sun shigo. Ba wadda ke tashi da wuri, don kada a ce ta yi dubiyar ganin ido ga matar da ta kwana a kan uwarta a asibiti.

Da a ce addu'a suke yi su tafi, da ban rubuta komai ba. Hira ake yi a kanta kamar ba ta wurin.

"Irin na Talatu ne fa sak. Ita ma haka ta fara, ta ji sauƙi, sai na biyun ya zo."

"Allah Ya jiƙan Talatu."

Ina kallon fuskar Inna tana murmushi tana cewa amin. Wannan ta ce a kira wanzami ya yi ƙaho a kafaɗar. Waccan ta ce man damo. Wata ta kawo saiwa a leda ta ce a jiƙa, a bar ƙwayar asibiti don ita ke kashe jijiya. Akwai wadda ta kama hannun ta ɗaga ta sake shi ya faɗi a kan katifa, wai tana so ta gani ko da gaske ya mutu. Na yi kuka a madafa ranar.

Duk da haka a mako biyun farko ina satar lokaci. Bayan sallar asuba kafin a fara shigowa, da kuma bayan la'asar in an yi sa'a. Kuma na ga abin da idona. Ranar da aka wuni ana ruwa, ba wanda ya iya fitowa, muka yi miƙar sau biyu, Inna ta yi zamanta, ta yi barcin rana. Da yamma na'ura ta nuna lambar da ban taɓa gani ba tun da muka dawo. A ranar ce kuma yatsanta ɗan ali ya motsa. Ta kalle shi ta kalle ni, ta ce, "Kin gani, ko idona ne?" Washegari rana ta fito, aka cika ɗaki, da yamma lambar ta koma inda take.

Mutum ɗaya zan ware. Dije, Bafulatanar da ke kawo wa Inna nono tun muna yara, daga rugarsu ta tako. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ko sauke ƙwaryarta duka ba, ta yi addu'a, ta ajiye man shanu a 'yar roba, ta ce, "Mara lafiya hutu yake so, na tafi." Ba ta yi minti uku ba. Allah Ya saka wa Dije da Aljanna.

A mako na huɗu abin ya faru. Bayan la'asar ne, gidan ya ɗan yi sauƙi, na gama miƙa mata hannu, na jingina ta da bango, na saki labule, na tafi bayan ɗaki kwashe shanya don hadari ya taso. Sai ga Goggo Hanne, ƙanwar Baba. Ta yi sallama, Inna ba ta amsa ba, don ta yi nisa, kuma na sha gaya mata amsar tana iya jira. Goggo ta ɗaga labule ta ga mace a jingine, ido rufe, hannu a ciki, baki da ɗan sauran karkata, numfashi yana fita a hankali. Ta zube a gabanta ta kama salati.

"Hajara, ce la'ilaha illallahu. Hajara."

To wane Musulmi za a ce wa haka ya ƙi? Inna ta buɗe ido a firgice ta faɗa. Goggo ta ce shi ke nan, ta samu cikawa da kalma. Kafin in zagayo da kaya a hannu matan gida sun fara kuka, maƙwabta sun shigo, wata ta riga ta buga waya Doguwa wurin dangin Inna ta ce ana laƙƙana mata kalmar shahada.

Na yi bayani har muryata ta dushe. Yaya ya kira Kawu Ado, ƙanin Inna, ya ce masa lafiyarta ƙalau, kuskure ne. Kawu ya ce ya ji, amma ya san irin wannan sauƙin. Washegari da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida, mutum goma sha ɗaya, sun bar gonakinsu ana tsakiyar maimai. Wata tsohuwa a cikinsu ta buɗe jaka za ta ɗauko goro, sai ga farin yadi a naɗe. Ta yi sauri ta tura shi ciki. Na gani, Inna ma ta gani.

Kwana uku suka yi. Da suka tafi na shiga da yamma na ce, "Inna, mu yi."

"Ba zan ƙara ba."

"Inna, likita ta ce..."

"Na tayar da mutane daga gona, sun biya kuɗin mota, saboda ina zaune ina hura hanci kamar saniya. Da wane ido zan kalli Ado?"

Ba wanda ya ce wa Goggo Hanne don me. Ita ce ma ta zauna a tsakar gida tana ba da fatawa. "Ba a barin mara lafiya shi kaɗai da ido a rufe. Tun kakanninmu ba a yi. Yarinya ta je boko ta dawo tana koya wa uwarta zaman gawa." Aka yi dariya.

Na yi dabara. Na ce wa Inna ta hau sallaya ta riƙe carbi, ai ba mai katse wa mai lazimi. Ta dube ni irin duban da take yi mini ina ƙarama in na ɗauki abin da ba nawa ba.

"Ki ce in yi wa Allah wayo?"

"Ba wayo ba ne, Inna. Ki yi zikirinki kina numfashin."

"In zan ambaci Allah, don Shi zan ambace Shi. Ba don in kori Hanne ba."

Na bar maganar.

Miƙar hannun ma ta bi. Abin yana da zafi, ba a ɓoye ba, in na buɗe yatsun sai ta yi nishi. Yanzu kuma kullum da mai tsaro a ɗakin, don an ce kada a sake barin ta ita kaɗai. Da ta yi nishi sai a ce, "Haba Rabi, ki ji tsoron Allah, ki bar baiwar Allah ta huta." Ita kuma Inna sai ta janye hannun don kada a ga laifina. Na samu takarda na rubuta lokacin dubiya, daga hantsi zuwa azahar, na manna a zaure. Ba ta yi awa ɗaya ba Yaya ya shigo da ita a dunƙule.

"Nan asibiti ne?"

"Yaya, hannunta fa."

"So kike a ce gidan ubanmu Malam Isa ana korar mutane? Ke gobe kina Tiga. Ni ne zan zauna da su. In na mutu su za su ɗauke ni."

A nan zan faɗi nawa laifin, don kada a ce na wanke kaina. Na yi shiru. Mako biyar na yi shiru. Ina dafa wa masu dubiya shayi, ina shimfiɗa musu tabarma, ina cewa an gode, Allah Ya ba da lada. Ranar komawarmu asibiti ta zo daidai da zuwan matan unguwar su Goggo, aka ce ba kyau su tarar ba ta nan, muka ɗaga. Muka sake ɗagawa. Ina ba ta ƙwaya kullum, wannan kam ban fasa ba, ina gaya wa kaina ai babban ke nan. Ni da na ji bugun jinina ya sauka a ƙarƙashin yatsuna, ni da na ga ɗan ali ya motsa, na bar shi saboda kada a ce ba ni da kunya. Duk fushin da nake yi da mutane, rabinsa nawa ne.

Wata safiya ina yi mata wanka na zo buɗe tafin hannun, ya ƙi. Yatsun sun naɗe ciki, farce ya huda fata, wurin har ya fara wari. Na zauna a ƙasan banɗaki riƙe da hannun uwata. Washegari na ɗauke ta muka tafi Kano mu biyu, Yaya yana gona.

Likitar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta gwada yatsun, ta duba katin, ta ƙirga makonni a kan takarda.

"Wa ke jinyar?"

"Ni ce."

"Me ya faru?"

Na ce dubiya. Na zaci ba za ta gane ba. Sai ta cire gilashinta ta goge, ta ce, "Ba ke ce ta farko ba." Ta ce saura kaɗan kasuwar ta watse, amma ba ta watse ba tukuna.

A tasha na kira maigidana. Ban gama magana ba ya ce, "Kawo ta." Na sa Inna a motar Tiga. Sai da muka yi nisa ta lura ba hanyar gida ba ce.

"Rabi, ina za ki kai ni?"

"Gidana."

"Gidan suruki? Da ɗana a raye? Ki sauke ni."

"Ba zan sauke ki ba, Inna. Ki yi mini baki in kin ga dama."

Ban taɓa yi mata magana haka ba tun da aka haife ni. Ta ja mayafi ta rufe fuska har muka isa. Yaya ya kira da yamma. Abin da ya faɗa ba zan rubuta ba. Ƙarshensa dai ya ce na tozarta shi a gari, na nuna wa duniya ya kasa riƙe uwarsa.

Maigidana mutum ne mai ƙarancin magana, noman rani yake yi a bakin dam. Ya kwashe kayansa ya koma ɗakin zaure don kada Inna ta takura. Da safe sai ya durƙusa daga bayan katanga ya gaishe ta, ba ta ganinsa ba ya ganinta. Kuma abin da takardata ta kasa yi, surukuta ta yi shi. Mutanen Ƙofa ba za su cika gidan surukin wani ba, ga kuma kuɗin mota. Waɗanda suka zo ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, suna gaisawa suna tashi.

Kwana huɗu Inna ba ta yi mini magana ba sai ta dole. A na biyar ta miƙo hannun da kanta. Muka koma aiki safe da yamma, ina jiƙa tsumma a ruwan ɗumi in naɗe tafin kafin in fara buɗewa, tana jan iska tana saki, ina jin tsokar tana yarda kaɗan-kaɗan a daidai lokacin da take sakin iskar. Duk mako biyu muna Kano a kan benci. Barcinta ya dawo. Lambar na'ura ta sauka ta zauna. Ta ajiye sanda a mako na shida da zuwanmu Tiga. Zaman shirun kuwa, wanda ta ce ba za ta ƙara ba, ya zama ita ke tuna mini. Wata rana ta buɗe ido ta daɗe tana kallon bishiyar mangwaron tsakar gida, sannan ta ce, "Ashe haka shiru yake. Tun da aka yi mini aure ban taɓa zama ba abin da nake jira ba."

Kafaɗa ta dawo. Gwiwar hannu ta dawo. Babban yatsa da ɗan ali suna haɗuwa, tana iya ɗaukar goro. Sauran ukun sun ƙi. A zuwanmu na ƙarshe likitar ta buɗe su, ta saki, suka koma a hankali kamar ganyen da aka taɓa. Ta ce mu ci gaba don kada su ƙara naɗewa, amma kada in sa rai da yawa. Na bar Inna a benci na koma na tambaye ta kai tsaye, da ba mu tsaya ba, da hannun ya dawo?

"Ba zan rantse miki ba. Akwai masu yin komai daidai kuma bai dawo ba. Amma yatsan da ya motsa tun makonnin farko alama ce mai kyau."

Na san ƙaddara, na yi imani da ita, mai daɗi da mara daɗi. Inna da kanta cewa take haka Allah Ya rubuta. Amma a islamiyya an karantar da mu cewa dubiya lada ce, an kuma karantar da mu cewa daga ladabinta akwai taƙaitawa. Mun riƙe rabin farko mun yar da na biyun. Muna zuwa ne don a gan mu, don kada gobe a ce ba mu zo ba, mu zauna a kan mara lafiya kamar masu jiran rabon gado, mu ba shi labarin waɗanda ciwonsa ya kashe, mu tashi muna jin mun yi ibada. In kun shiga kun tarar da mutum ya rufe ido, ku dubi ƙirjinsa kafin ku ɗaga murya. In mai jinya ta ce ku dawo an jima, ba raini ba ne. Ke kuma mai jinya, za a zage ki ko kin rufe ƙofa ko ba ki rufe ba. Ni na bari sai da aka makara, kuma zagin bai fasa zuwa ba.

Bayan an gama girbin masara Inna ta ce gida take so. Ban hana ta ba. Yaya ya zo da mota da kansa, ya gaisa da maigidana, ni kuwa ya amsa gaisuwata yana kallon taya. Muna isa Ƙofa gida ya cika kafin a sauke kaya. Aka yi ta barka, aka yi ta shigowa, ɗakin ya koma yadda na san shi. Goggo Hanne tana gefen katifa tana juya hannun Inna tana cewa da an bar ta a gida an shafa man damo da tuni an wuce wurin. Na tsaya a bakin ƙofa da mayafina, na riga na gaya wa kaina yau ba zan ce komai ba.

Aka yi la'asar, aka dawo aka zauna. Sai na ji Inna ta yi gyaran murya.

"Hanne, ku ɗan ba ni wuri. Lokacin maganina ya yi."

"To sha mana, ga ruwa."

"Ba na sha ba ne. Zama zan yi in rufe ido. Ba mutuwa zan yi ba, kada a kira kowa. In na gama na neme ku."

Goggo ta ce, "Yau mu ne baƙi a gidan nan?" Inna ta ci gaba da kallonta da fara'a har Goggo ta miƙe. Suka fito ɗaya bayan ɗaya suna neman takalma, wata tana ƙunƙuni, wata tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Na matsa na ba su hanya, na tsaya a cikinsu a tsakar gida.

Inna ta taso da kanta ta zo bakin ƙofa. Ta kai hannun dama ga mariƙin kamar yadda ta saba yi shekara arba'in, yatsun suka zame. Ta sake gwadawa, suka zame. Sai ta sa na hagu ta ja ƙofar ta rufe.

Goggo ta juyo gare ni, muryarta ta yi ƙasa. "Allah sarki. Ashe hannun bai dawo ba."

Na ce, "A'a, Goggo. Bai dawo ba."